Idan ƙasa ta motsa: Abin da mutanen Kwoi da Mpape suka ji, da abin da ya shafi gidajenmu a Minna

Ba kasafai maganar girgizar ƙasa ke shiga hirar gidajenmu ba. In ma ta shigo, to labarin Turkiyya ne ko Maroko ko Japan, a kalla a talabijin a yi musu jaje, a ci gaba da harkokin gaba. Sai dai cikin shekara takwas kacal ƙasa ta motsa har sau uku a maƙwabtan Jihar Neja: a Kwoi da ke Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna a watan Satumban 2016, sai Mpape da ke Abuja a Satumban 2018, sannan Mpapen dai a Satumban 2024. Ba a samu rahoton rasa rai ba a ko ɗaya daga cikinsu. Amma gidaje sun tsage, iyalai sun kwana a waje, wasu kuma sun kwashe 'ya'yansu sun bar unguwa.

Daga cikin waɗanda suka bar Mpape a 2018 har da yayata, wadda ta iso gidanmu a Sauka Kahuta da yara uku da jakar kaya guda. Ni a lokacin na zaci zan ji labarin rushewar gini ne, sai ga shi abin da ta fi nanatawa ƙara ce. Ta ce kafin ta ji komai a jikinta, wani rugugi ta fara ji daga ƙarƙashin ƙasa, kamar tirela mai lodin siminti ta biyo ta tsakar gida, alhali babu titin da tirela za ta bi a layinsu. Daga nan kwanukan cikin kwabet suka fara kaɗawa, fanka ta yi lilo, ruwan bokiti ya yi ta kai-kawo. Duka-duka abin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Da farko ba wanda ya damu, domin mutanen Mpape sun saba da ƙarar nakiyar masu fasa dutse. Unguwar ma a kan sana'ar ta bunƙasa. Abin da ya tayar da hankali shi ne yadda ya riƙa dawowa, har cikin dare, lokacin da kowa ya san ba a fasa dutse.

Motsin ya fara ne ranar Laraba 5 ga Satumba, ya ci gaba har zuwa sanyin safiyar Juma'a 7 ga wata, aka kuma ji shi a Maitama da wasu unguwannin da ke kusa. Hukumar ba da agajin gaggawa ta Abuja ta fitar da sanarwa tana kwantar wa jama'a hankali, gwamnati kuma ta dakatar da fasa duwatsu da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankin na wani lokaci. A Kwoi ma haka aka yi shekara biyu kafin nan. Ranar Lahadi 11 ga Satumban 2016 ne, ana jajibirin Babbar Sallah, ƙasa ta yi ta rugugi har washegari, bango ya tsattsage a gidaje da dama, mutane suka koma kwana a fili, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi kira da a kwantar da hankali.

Me ya sa ƙaramin motsi ke da ban tsoro haka?

A ma'aunin masana, waɗannan duka ƙanana ne. Ƙarfinsu bai wuce maki 3 ko kusa da haka ba. Wadda ake kira matsakaiciya tana farawa ne daga maki 5 zuwa 5.9. Kada mai karatu ya ɗauka tazarar 3 da 5 kaɗan ce, domin ma'aunin ba irin na mudu ba ne da ake ƙara ɗaya a kan ɗaya. Duk maki guda da aka hau, ƙarfin da ƙasa ta saki yakan ninka kusan sau 32. Ke nan mai maki 5 ta fi mai maki 3 ƙarfi kusan sau dubu. Wadda ta afka wa Maroko ranar 8 ga Satumban 2023, ta kashe kusan mutum 3,000, maki 6.8 ce. Ta Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun shekarar, wadda ta ci rayuka sama da 50,000, ta kai 7.8.

To in haka ne, me ya firgita mutanen Mpape? Abin da mutum ke ji a ɗakinsa ba maki kaɗai ke yanke shi ba. Akwai kusancinsa da inda motsin ya taso, da zurfin wurin, da irin ƙasar da gidansa ke kai, da kuma irin ginin. Ƙaramin motsi da ya taso daga kusa, ba can ƙasa sosai ba, yakan zo kamar bugu guda mai ƙara. Wanda ke saman bene ya fi na ƙasa jin lilo. Wanda ke kwance shiru da dare ya fi mai tafiya a kasuwa ji. Shi ya sa a layi ɗaya wani zai rantse gadonsa ya motsa, maƙwabcinsa da ke kan babur a lokacin ya ce shi bai ji komai ba, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa.

Ƙarar da yayata ta fara ji ma tana da bayani. Girgizar ƙasa na tura igiyoyin motsi iri-iri ta cikin dutse. Na farko ya fi sauri, shi ke isowa da rugugi ko ɗan bugu. Na biyu yana biyo baya, shi ne mai jijjiga gini gefe da gefe. Karnuka da kaji kan ji na farkon kafin mutum ya ankara, dalilin da ya sa ake cewa dabbobi sun san za a yi. Ba sanin gaibu ba ne, 'yan daƙiƙoƙi kawai suka riga mu.

Minna ba ta wajen wannan magana

Akwai wata doguwar tsaga a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasar Najeriya da masana ke kira tsagar Ifewara zuwa Zungeru. Ta taso ne daga wajen Tekun Atilantika, ta ratsa Ifewara kusa da Ile-Ife a Jihar Osun, ta miƙo arewa har Zungeru, nan bayan gidanmu, inda aka gina sabuwar madatsar ruwa mai samar da megawat 700. Da ita ake danganta motsin da aka sha ji a kudu maso yamma, irin na Ijebu-Ode da Ibadan a 1984. A 2009 ma, ranar 11 ga Satumba, an ji wata mai maki 4.4 a Legas da Abeokuta da Ibadan, wadda ta taso daga yankin Allada a Jamhuriyar Benin.

Wannan ba ya nufin a tattara kaya. Najeriya tana tsakiyar faifan dutsen da nahiyar Afirka ke kai ne, nesa da bakin da faifai ke gogayya da juna kamar a Japan ko Turkiyya, don haka manyan girgiza ba su da yawa a nan. Amma Afirka ta Yamma ta taɓa ganinsu. Ta birnin Akara a Ghana, ranar 22 ga Yunin 1939, ta kashe mutum 17, an kuma ji ta har Legas. Ta Gini a Disamban 1983 ta hallaka ɗaruruwan mutane. Akwai cibiya a Toro ta Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya NASRDA, da aikinta shi ne sauraren motsin ƙasa. Hukumar binciken ƙasa da ma'adinai NGSA ma tana da na'urori, kuma tasharta ta Katampe ce ta naɗi gomman ƙananan motsi a Mpape tsakiyar Satumban 2024.

Mai lura zai ga Satumba na ta maimaituwa a wannan lissafi. Girgizar ƙasa dai ba ta da wata ko yanayin da aka san ta da shi. Abin da ya sa watan ya dame ni daban ne: a Minna lokacin ne ruwan sama ya fi nauyi, bangon ƙasa ya sha ruwa ya ƙoshi, harsashin gini ya jiƙe, katangar da aka yi da bulo mai ƙarancin siminti ta fara jingina. Irin wannan bango ko ƙasa ba ta motsa ba faɗuwa yake yi, balle a ɗan taɓa shi.

Ba duk jijjiga ce girgizar ƙasa ba. Mu da ke kusa da babbar hanyar da ta kewaye gari mun san yadda tagogi ke kaɗawa idan manyan motoci sun jero da dare. Fashewar da ta auku a unguwar Bodija ta Ibadan ranar 16 ga Janairun 2024, mutane da yawa sun zaci girgizar ƙasa ce, sai daga baya aka gano nakiyoyin haƙar ma'adinai ne aka ajiye a wani gida. A jiha irin tamu da ake haƙar zinare a ƙananan hukumomi da dama, wannan ma abin sa ido ne a unguwa.

Daƙiƙoƙin farko

A girgiza ƙarama ko matsakaiciya, ba ƙasa ke tsagewa ta haɗiye mutane ba kamar yadda ake nunawa a fim. Abin da ke raunata su shi ne kayan da ke faɗowa daga sama, gilashin da ya fashe, da gudun ruɗewa: a yi turereniya a ƙofa, a faɗi a matakala, ko a diro daga bene. Shawarar da hukumomin agaji a ƙasashen da suka saba da abin ke bayarwa guda ce. Ka durƙusa kafin motsin ya kayar da kai, ka shige ƙarƙashin teburi mai ƙarfi ko ka raɓe jikin bangon ciki nesa da taga, ka kare kanka da wuyanka da hannu, ka riƙe abin da ka fake da shi har motsin ya tsaya. Wanda abin ya samu a gado ya zauna a nan ya rufe kansa da matashi, sai fa in akwai abu mai nauyi a samansa. Tsayawa a bakin ƙofa, wanda wasu ke cewa ya fi aminci, ba shi da wani amfani a ginin zamani.

Akwai togaciya ɗaya da ta shafe mu kai-tsaye. Wanda ke cikin ɗakin ƙasa mai rufin soro, wato azara da ƙasa mai nauyi a sama, kuma ƙofa na kusa, gara ya fita fili da sauri, domin irin wannan rufi in ya zo saukowa teburi ba ya tare shi. Gidajen ƙasa da dutse ne suka fi cin mutane a ƙauyukan tsaunukan Maroko.

Fita waje kuma ba ita ce ƙarshen magana ba. A yawancin gidajen haya na Sauka Kahuta da Kpakungu da Barkin Sale, tsakar gida siririn lungu ne tsakanin ɗakuna biyu masu fuskantar juna, ga katanga, ga tankin ruwa a kan dogayen ƙarafa, ga wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama. Tanki mai lita 1,000 in ya cika nauyin ruwansa tan guda ne. Wanda ya gudu daga ɗaki ya tsaya ƙarƙashinsa bai tsira ba, wurin zama kawai ya sake. Fili ake nema, nesa da bango da turakun wuta. Direba kuma ya gangara gefen hanya, ba a kan gada ko ƙarƙashinta ba, ya zauna cikin motarsa.

Uwargida da ke girki ta ja da baya daga wuta da tukunyar mai zafi. In makunnin gas na kusa da hannu ta kashe, in ba haka ba ta bari sai motsin ya lafa. Bayan ya lafa, a sa takalmi kafin a taka ko'ina, domin yankan gilashi a ƙafa na cikin raunukan da aka fi gani. In an ji warin gas, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a buɗe tagogi a fita. A kuma sa ran wani motsin zai biyo baya, kamar yadda ya yi ta yi a Mpape kwana uku.

Wani abu da na lura da shi a gidajenmu: tsoron ɓarayi ya sa kowace taga tana da ƙarfe, kowace ƙofa kwado biyu, makullin babbar ƙofa kuma yana aljihun maigida ko ƙarƙashin matashinsa. Ko don gobara ya kamata kowane babba a gida ya san inda makulli yake, ya iya lalubo shi cikin duhu.

Abin da ke saura a jiki

Nan ne na ga abin da ban taɓa tsammani ba. Kwanaki bayan isowarsu Minna, yayata takan dafa bango ta ce ƙasa na motsi, alhali ba abin da ya motsa. Mun yi mata dariya da farko. Ashe sanannen abu ne. Likitoci a Japan sun yi rubutu a kansa bayan manyan girgizar da aka yi can. Jiki na sanin daidaituwarsa ne ta hanyar haɗa saƙon ido da na cikin kunne da na tafin ƙafa. Idan ƙasar da mutum ya amince da ita tun yana rarrafe ta yaudare shi sau ɗaya, ƙwaƙwalwa takan zauna cikin shiri, ƙaramin abu kamar wucewar mota sai ta fassara shi da girgiza. Kamar wanda ya sauka daga kwalekwale ne yana jin ƙasa na lilo. Yawanci yakan wuce cikin kwanaki ko 'yan makonni. Dabara mai sauƙi ita ce a ajiye ruwa a kofin gilashi inda ido zai gani: in ruwan bai motsa ba, ƙasa ma ba ta motsa ba. Amma jirin da ya ƙi tafiya, ko ya zo da amai, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, wannan na asibiti ne nan take, kada a ce ai tsoro ne.

Masu hawan jini da ciwon zuciya su ne abin ji. Lokacin da girgiza mai maki 6.7 ta auku a Northridge kusa da Los Anjeles a Amurka da asubahin 17 ga Janairun 1994, masu bincike sun duba bayanan mace-mace suka ga mutum 24 ne suka mutu farat ɗaya da ciwon zuciya a ranar, alhali a kwanakin da suka gabata ba a kai biyar ba a rana. Ba gini ne ya faɗa musu ba, firgita ce. Don haka dattijon da ya kama ƙirji, ko yake haki, ko gumi ke karyo masa bayan irin wannan tashin hankali, a nufi Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB ko mafi kusa da shi, ba a tsaya yayyafa masa ruwa ba. Wanda kuma zai bar gida na 'yan kwanaki, maganinsa na hawan jini ko na suga ya riga tufafi shiga jaka. Mai juna biyu da ta faɗi wajen gudu ta je a duba ta ko da ba ta ga jini ba.

Yara kuwa ba sa cewa suna tsoro, a aikace suke nunawa. Ƙaramin ɗan yayata, mai shekara biyar a lokacin, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ya ƙi yarda ya kwana sai a jikin uwarsa, ko janaretan maƙwabta aka tayar sai ya zabura. Duka ko tsawa ba sa maganin wannan, ƙara shi suke yi. Abin da ya taimaka shi ne gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne suka ɗan gyara zama, ya wuce, ga kuma abin da za mu yi in ya dawo. Aka mayar da shiga ƙarƙashin teburi wasa, yana yi yana dariya. Aka dawo masa da lokacin cin abinci da na barci da na makarantar allo yadda ya saba. Manya kuma suka daina maimaita labarin a gabansa, wanda shi ne ya fi wuya, domin duk baƙon da ya shigo gaisuwa sai ya nemi a ba shi daga farko. Idan wata guda ya wuce yaro ko babba bai koma barci da cin abinci yadda ya saba ba, a ga likita.

Saƙon da ke cewa za a yi da ƙarfe kaza

Har yau babu wani masani ko na'ura a duniya da ke iya faɗin rana da sa'ar da girgizar ƙasa za ta auku. Duk saƙon WhatsApp da ya ce hukuma kaza ta ce kowa ya fita waje ƙarfe biyun dare, ƙarya ne, ko da tambarin wa aka liƙa masa. A Janairun 2010, 'yan kwanaki bayan bala'in Haiti, irin wannan saƙo ya zagaya Ghana ta wayar salula, dubban mutane suka kwana a tituna da filaye, ba abin da ya faru. Mu ma nan ba mu manta daren ruwan gishiri na lokacin Ebola a 2014 ba, da waɗanda ya kwantar a asibiti. Kwana a waje cikin damina da jarirai, ga sauro ga sanyi, shi ma yana da nasa kuɗin magani.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Yawancin abin da zai kare iyali aikin yini guda ne. Kwabet ɗin jere da wadrob a ɗaure su da bango. Manyan tukwane da kuloli da akwatuna su sauko ƙasa, marasa nauyi su hau sama. Kada a rataye madubi ko babban hoto mai gilashi ko talabijin a saman inda yara ke kwana. A duba ƙugiyar fanka. Tukunyar gas ta tsaya a inda ba za ta faɗi ba, a kuma sauya tiyonta in ya tsufa. A sa mai walda ya duba ƙafafun tankin ruwa, musamman wajen da suka haɗu da ƙasa inda tsatsa ke ci. Tocila da takalmi su kwana kusa da gado.

Sai tsagar bango. Siririya kamar gashi a jikin filasta yawanci ba komai ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai faɗin da tsinken ashana zai shiga, ko wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko aka ganta ciki da waje a wuri ɗaya, musamman in ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa. A ja layi da fensir a ƙarshen tsagar a rubuta kwanan wata. In bayan mako biyu ta wuce layin, bangon na tafiya ne, kuma injiniyan gini ya kamata ya gani, ba mai shafe ya toshe ta da siminti a shafa fenti ba. Ɗan haya ya ɗauki hotonta ya nuna wa mai gida tun da wuri, ya kuma janye gadon yara daga jikin wannan bango kafin a zo gyara. Idan an ji motsin da ba a san dalilinsa ba a unguwa, a rubuta lokacin da ya faru da abin da aka gani, a sanar da mai unguwa da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, NSEMA, ko a kira lambar gaggawa ta 112.